Kwali Tara na Sada Mai Kaset

Kwali tara Baba ya bari,
ban da garmaho mai karyayyen hannu
da faifai goma sha ɗaya, biyu sun tsage.
Gara ta riga mu rabon gado:
ta ci gindin kwali na uku,
ta cika wa mawaƙa baki da ƙasa.

Shekara talatin yana Ƙofar Guga,
rumfa ɗaya, lasifika ɗaya,
kowane kaset da rubutunsa na jan biro:
bikin wane a Mashi, kalankuwar Rimi,
kiɗan mahauta ranar da aka yi ruwa,
"kar a ara wa Lawandi."

Na kai su shagon Bishir, bayan tasha,
inda ake cajin waya da turin waƙa.
Ya ja igiya daga rikoda zuwa kwamfuta
kamar mai ƙara wa majinyaci jini.
Ya ce, "Yaya, kaset bai san sauri ba.
Mai awa ɗaya, sai ka ba shi awarsa."
Sai muka zauna.
Wata biyu muna zaune.
A ɗauke wuta, mu koma farko.
Zare ya tsinke, in liƙe da jan farce,
in sa biro a rami in murza a hankali
yadda na ga yana yi, harshe a gefen baki.

Wata Laraba, gurmi na tsakiyar hawa,
sai ƙas, kiɗa ya yanke.
Tari. Kukan akuya. Cokali cikin kofi.
Sai muryarsa, dab da ƙeyata:
"Wa ya danna mani jan maɓallin nan?
Kai, Tukur, zo nan!"
Sai gudun ƙananan ƙafafu, nawa,
dariyar Inna daga madafa,
sai gurmi ya dawo kamar ba a yi ba.

Bishir ya ce, "In share hayaniyar? Ba wuya."
Ban amsa ba.
Hannunsa na riƙe.

Da aka gama ya miƙo mani memori,
bai kai farcen ƙaramin yatsana ba.
Shekara talatin, kwali tara.
Na ji tsoron yin atishawa.

Ɗaki na son gado, mai gida na son haya.
Wani daga Abuja ya taya garmaho ta waya,
bai ko tambayi ko yana kiɗa ba,
falo zai yi wa ado. Na sallama.
Mai gwangwan ya ce kaset sai dai a kilo,
na nuna masa ƙofa.
Sai ga Mannir, mai tsohuwar fijo ta hanyar Daura
wadda har yau kaset take ci.
Abin da ya taya bai kai buhun gero ba.
Na ce ɗauki, amma a kunna.
Guda ɗaya na zare na sa aljihu.

Yanzu a waya nake ji.
Ba juyawa, ba jira, ba shanya batir a rana.
Yatsa ɗaya ya tsallake mawaƙi
kamar ba ɗan kowa ba.

Jiya a Ƙofar Durɓi fijo ta wuce ni,
buhunan albasa a kai, gilashi a sauke,
murya na tashi, ta lanƙwashe, ta miƙe
daidai inda na liƙe da jan farce.
Na gane ɗinkina.
Na tsaya tsakiyar titi, masu babur na zagina.

A gidan gaba wani tsoho na kaɗa kai,
hula a karkace, ido a lumshe.
Lawandi.

Baba, yi haƙuri.
Ba aro ba ne.
Kuɗin mota ya biya.